Gawa Ta Wa Ce? Nazari Kan Ƙungiyoyi da Jana'izar Kirista a Ƙasar Mahuta

A Mahuta da ƙauyukan da ke kewaye da ita, daga Kafur zuwa Malumfashi har a gangara Funtua, da wuya Kirista ya rasu ikkilisiya kaɗai ta tsaya a kan gawarsa. Kafin fasto ya iso, akwai waɗanda suka riga shi zuwa. Dangi suna nan, sau da yawa kuma ba addininsu ɗaya ba: wa Musulmi ne, ƙane Kirista, wani baffa kuma bai bar al'adar kakanni ba. Abokan sana'ar mamacin suna nan, ko maharba, ko 'yan tauri, ko samarin sa-kai da suke gadin gari tare. Ƙungiyoyinmu na cikin majami'a ma suna nan, Zumuntar Mata da Zumuntar Maza da mawaƙa da 'yan Sabon Rai. Kowa a cikinsu yana ganin yana da rabo a wannan gawa, domin mamacin ya zauna da su, ya ci da su, ya zuba kuɗi a asusunsu.

Koyarwar da yawancinmu muka gada a kan wannan gajeriya ce: a hana. A hana kiɗa, a hana giya, a hana 'yan ƙungiya matsowa kusa da kabari. Wannan koyarwa tana da gaskiyarta, ba kuma zan yi mata ba'a ba. Inda nake sukarta shi ne ta ɗora idonta duka a kan ƙungiyoyin waje, ta kasa lura cewa ƙungiyoyinmu na ciki sun ɗauki ainihin halin da ya fi haɗari a wurin waɗancan, wato mayar da jana'iza ladan wanda ya biya kuɗi.

Bari mu fara da na wajen, tun da su aka saba tuhuma.

Yawancin Kiristocin wannan ƙasa jikokin waɗanda ake kira Maguzawa ne, ko da yake da dama daga cikinsu sun fi so a ce musu Hausawa Kirista, ya kuma kamata mai hidima baƙo ya kiyaye wannan. A zaman gandu na dā, mutuwar tsoho ba ta gidansa kaɗai ba ce. Ana dafa giya, ana kiɗa, ana taruwa daga gidaje masu nisa, kuma masu sana'a irin tasa suna zuwa su yi masa sallama ta hanyarsu. Da bishara ta shigo ta hannun mishan ɗin SIM, wadda ta fara aiki a Nijeriya a 1893, ta kuma haifi ECWA a 1954, tare da sauran ɗariku da suka biyo baya, sababbin masu bi suka bar bori da tsafin gida da giya. Sun biya wannan da tsada. Wasu an ƙi su a gandu, wasu an hana su mata. Duk mai sukar tsananinsu a yau sai ya tuna ba a kan kujera suka yanke shawarar ba.

Amma abin da aka hana ɗin ba abu ɗaya ba ne. Cikin abin da maharba suke yi wa ɗan'uwansu akwai abubuwa biyu da suke tafiya tare, mu kuma muka ɗaure su dami ɗaya muka jefar. Akwai girmamawa: su zo, su haƙa kabari, su ɗauki makara, su ambaci jarumtar mamacin, su kawo wa iyalinsa hatsi. Akwai kuma hidima ta addini: a kori jama'a a rufe ƙofa a kan gawa, a zuba jini, a sa laya ko guru a cikin kabari, a yi magana da mamacin kamar yana ji, a roƙe shi ko a sallami iskokin da aka ce suna tare da shi. Na biyun nan Littafi Mai Tsarki bai bar wata ƙofa ba. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta haramta neman shawarar matattu, Bulus kuma ya nuna a 1 Korantiyawa 10:20-21 cewa ba a haɗa teburin Ubangiji da na aljannu. Fasto da ya ga za a yi wannan a kan gawar mai bi ya yi shiru don gudun rigima, ya saki aikinsa.

Na farkon kuwa, da wace aya muke hana shi? Ku duba Farawa sura 50. Yusufu ya bar masu maganin Masar suka shafe gawar mahaifinsa bisa ga al'adarsu, aikin da ya ɗauki kwana 40, Masarawa suka yi masa makoki na kwana 70, manyan fadawan Fir'auna da karusai suka raka gawar. Yusufu bai kore su ba. Abu ɗaya ne bai sayar ba: inda za a binne Yakubu. An kai shi kogon Makfela a Kan'ana, wurin da Ibrahim ya saya da shekel 400 na azurfa (Farawa 23), domin kabarin kansa shaida ne cewa iyalin nan suna jiran alkawarin Allah, ba na Fir'auna ba. Baƙi sun yi rakiya, sun yi kuka, sun nuna girmamawa, amma ma'anar binnewar ta zauna a hannun masu alkawari. A ganina wannan ne ma'aunin da ya dace da mu. Maharbi ya riƙe makara, ya zuba ƙasa, ya faɗi alherin abokinsa a zauren makoki. Amma maganar ƙarshe a bakin kabari, wadda ke faɗin inda mamacin ya nufa da hannun wanda yake, ta ikkilisiya ce, gama Romawa 14:7-9 ta nuna mai bi na Ubangiji ne a raye da a mace.

Wannan tambaya ta sake sabunta saboda halin tsaro da kudancin Katsina ke ciki. Samarinmu da yawa sun shiga gadin gari, a wasu ƙungiyoyin kuma shiga tana tafiya da rantsuwa da shan magani. Idan aka kashe ɗaya daga cikinsu, abokansa ne suke shiga daji su ɗauko gawar, wani lokaci da kasadar ransu. Ka ce wa irin waɗannan su tsaya nesa da kabari, kai da ba ka je dajin ba, ba tsarki ka nuna ba, rashin kunya ka nuna. Dawuda ya aika wa mutanen Yabesh-gileyad da albarka saboda sun ɗauko gawar Saul sun binne (2 Sama'ila 2:4-6). A gode musu a gaban jama'a, da baki. Batun layun da ke jikin mamacin kuwa, a cire su a ɓoye lokacin wanka, ba sai an ɗaga su sama ana wa'azi a kansu uwarsa tana kallo ba.

Galibin rigimar da ake yi a bakin kabari ma alamar aikin da ba a yi ba ne tun mutumin yana da rai. Dattijon da kowa ya san sarkin baka ne ya shekara 20 yana zama a bencin gaba, ba wanda ya taɓa zama da shi ya tambaye shi abin da ya ɗauka wa ƙungiyarsa alkawari, ko abin da yake so a yi ranar da ya tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai hidima ya je masa tun yana da lafiya, ya kira babban ɗansa da ɗaya daga cikin 'yan'uwansa, ko da Musulmi ne, a ji daga bakinsa. Maganar da mamaci ya faɗa a gaban shaidu tana kashe gardamar da wa'azin awa biyu ba zai kashe ba, har da gardamar nan mai zafi ta dangin da ke cewa ya musulunta a ɓoye kafin ya cika.

Ba mu kaɗai muka taɓa fama da wannan ba. A Legas, a 1914, wani limamin Angilika mai suna T. A. J. Ogunbiyi ya kafa ƙungiyar da aka sani daga baya da Reformed Ogboni Fraternity, yana nufin ya samar wa Kirista zumunci irin na Ogboni ba tare da tsafinsa ba. Daga baya ikkilisiyoyi da dama suka hana mutanensu shiga. Cocin Katolika ma ya hana mabiyansa shiga ƙungiyar asiri ta Freemason tun 1738, ya sake jaddada hanin a 1983. Abin lura a nan shi ne abin da ke jan mutane: suna neman waɗanda za su tsaya musu ranar wahala, su kuma binne su da mutunci. Inda ikkilisiya ta hana ƙungiya ba ta ɗauki wannan nauyi ba, mutane suna komawa ta bayan gida.

Ikkilisiyoyinmu sun ɗauki nauyin, wannan gaskiya ne, kuma mata ne suka fi ɗaukarsa. Duk wanda ya ga Zumuntar Mata a gidan makoki ya san abin da nake nufi. Su ne suke iso da itace da ruwa kafin gari ya waye, su kwana da gwauruwa, su dafa wa baƙi, su raira waƙa har zuciyar da ta ƙage ta saki. Zumunta a ƙafa take, su kuwa sun taka. Abin da zan faɗa yanzu ba raini ba ne ga wannan aiki. Saboda aikin yana da daraja ne ya sa lalacewarsa take da zafi.

A wani gari kusa da Roma mai suna Lanubiyum an sami wani dutse da aka rubuta dokokin wata ƙungiyar jana'iza a kansa, a shekara ta 136 bayan haihuwar Almasihu. Ƙungiyar ta masu bautar gumaka ce, talakawa da bayi. Mai son shiga zai biya kuɗin shiga ya kawo tulun ruwan inabi mai kyau, sa'an nan ya riƙa zuba kuɗin wata. In ya mutu, ƙungiya za ta fitar da kuɗin binne shi, ninki uku na abin da ya biya na shiga, a kuma raba wani kaso ga waɗanda suka raka gawa. Amma wanda ya yi wata shida bai biya ba, in ya mutu ba shi da kome. Wanda ya kashe kansa ma haka. Akwai tara ga mai tada rigima a wurin cin abinci, da tara ga mai zagin shugaba.

Karanta wannan a taron shugabannin kowace zumunta tamu, ka cire sunan gumakan da ruwan inabin, ka ga ko ba za su ce tsarin mulkinsu kake karantawa ba. Akwai rajista, akwai kuɗin wata, akwai tarar makara da tarar rashin zuwa, akwai anko. Ran da mutuwa ta zo sai a buɗe littafi. In marigayiyar ta cika kuɗinta, za a fito da anko, a yi jerin gwano, a shimfiɗa zanen ƙungiya a kan akwati, a kwana ana waƙa. In tana da bashi, sai a ce dangi su cike kafin a fito, ko kuma a zo ɗai-ɗai cikin kayan gida a yi gaisuwa a tafi. A wasu majami'u ma abin ya wuce zumunta ya kai ga majalisar dattawa: sai an duba katin zakka da na baiko kafin a san ko gawa za ta shiga majami'a, ko fasto ne zai yi hidima ko za a tura mai bishara.

Ikkilisiyar farko ta san irin waɗannan ƙungiyoyi, tana zaune a tsakiyarsu, ta kuma zaɓi ta bambanta da su a daidai wannan wuri. Tartuliyan na Kartaj, wajen shekara ta 197, ya bayyana asusun Kirista: kowa yana sa abin da ya iya sau ɗaya a wata, in ya ga dama, ba tilas, ba kuɗin shiga, kuma ba a kashe shi a shagali sai a ciyar da matalauta, a binne su, a kula da marayu da tsofaffi. Kuɗin wata iri ɗaya ne da na Lanubiyum, amma can mai biya ne yake ci, nan kuwa wanda ba shi da abin biya. Sarki Yuliyan, wanda ya bar bangaskiya ya so ya farfaɗo da bautar gumaka, ya rubuta wa wani babban firist nasa a 362 yana ƙorafi cewa alherin Kirista ga baƙi da kulawarsu da binne matattu suna cikin abubuwan da suka yaɗa addininsu. Maƙiyi ne ya ba da wannan shaida.

Ayyukan Manzanni sura 5 ta fi wannan tsanani. Hananiya da Safiratu sun mutu ƙarƙashin hukuncin Allah, a kan batun kuɗin baiko ma kuwa. Duk da haka samarin ikkilisiya ne suka tashi suka naɗe shi, suka ɗauka, suka binne, bayan awa uku suka dawo suka binne matar kusa da mijinta. Ba wanda ya ce a kira danginsu su kwashe. In waɗanda suka yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya sun sami hannun ikkilisiya a kan gawarsu, da wane dalili za mu janye namu daga tsohuwar da ta kasa biyan kuɗin wata saboda rumbunta ya ƙare a watan Yuli? Haka nan wanda ya mutu yana ƙarƙashin horo, da matar da aka hana jibin Ubangiji don ita ce ta biyu a gidan mijinta. Manufar horo ita ce a maido da mai rai. Gawa ba ta tuba. Horon da aka ci gaba da shi bayan mutuwa a kan 'ya'ya da gwauruwa yake sauka, su kuwa ba su yi laifin ba.

Na san amsar da ma'ajin zumunta zai bayar, amsa ce kuma mai nauyi. Zai ce in aka yi wa kowa daidai, wa zai ƙara biya? Akwai masu hali da suke ƙin zuba kuɗi, ba sa zuwa makokin kowa, sa'an nan danginsu su zo suna neman a yi musu abin da aka yi wa masu aminci. Gaskiya ne akwai su. Ba na cewa a rushe rajista, ba na kuma cewa adashe ko asusun taimakon juna zunubi ne. Ƙungiya tana da iko ta ce kuɗin da za ta miƙa wa iyali ya danganta da abin da aka zuba. Wannan ciniki ne, a kira shi da sunansa. Abin da ba ta da iko a kai shi ne ta sayar da abin da ba nata ba: addu'a, waƙa, Kalma, zaman dare da mai makoki, ƙofar majami'a. Mai hali da ya ƙi biya, a yi masa magana yana da rai. Yakubu 2:1-4 ya tsawata wa masu bambanta wurin zama tsakanin mai zobe da mai tsumma a cikin sujada, jana'iza kuwa sujada ce.

Akwai kuma inda ƙungiyoyin suke cutar ma wanda ya biya. Da yake kowace zumunta tana so ta fito da kyau, jana'iza sai ƙara girma take yi. A kai gawa mutuware a Funtua ko Malumfashi ko Zariya ta yi mako biyu ko uku, ana jiran a ɗinka anko, a buga takardar tsarin hidima mai hoto, a ɗauko kanofi da kujeru da lasifika da janareto. Kowace ƙungiya da ta zo daga wata majami'a sai an ciyar da ita, wani lokaci har da kuɗin mota. Gudummawar da aka kawo ba ta kai abin da aka ci ba. Mun koyi wannan ne a birane, a wurin 'yan'uwanmu na kudu da na tsakiyar ƙasa, waɗanda suke da dalilinsu: ƙungiyoyin garuruwansu suna ajiye gawa ne domin a kai ta gida mai nisan ɗaruruwan kilomita. Mutumin Mahuta kuwa a gidansa ya mutu, kabarinsa yana bayan gari. Me ake jira? In ɗa yana Legas ko Fatakwal, kwana ɗaya ko biyu ya isa.

Ku lissafa abin da wannan yake nufi ga manomi. In mutuwar ta zo da damina, kuɗin takin zuba na biyu ne yake tafiya, masara ta tsaya rawaya a gona. In ta zo da kaka, buhunan da ya kamata su kai iyali wata daminar ne ake lodawa zuwa kasuwar Dandume ko Bakori a lokacin da hatsi ya fi arha. In ba ko ɗaya, sai a ba da gona jingina, gonar da aka jinginar don makoki kuwa ba kasafai take dawowa ba. Bayan mako guda baƙi sun watse, an bar gwauruwa da hoton mijinta a jikin kalanda da bashi a wuyanta. Yesu ya yi magana mai zafi a kan masu cinye gidajen gwauraye suna doguwar addu'a (Markus 12:40). Ba sai mutum ya yi niyyar mugunta zai shiga cikin wannan ayar ba. Ya isa a ce ya ci shinkafar da aka sayar da gona aka dafa.

Maƙwabtanmu Musulmi suna kallo. Su a ranar suke binnewa, da likkafani da makara ɗaya da ta ɗauki attajiri ta ɗauki almajiri, ba kuma mai tambayar kati kafin a yi wa mutum salla. A cikinsu ma an yi muhawara a kan kashe kuɗin makoki, musamman tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wadda ta soki sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ba cewa nake mu kwaikwayi tauhidinsu ba. Amma a gidan da wa Musulmi ne ƙane Kirista, 'ya'ya suna ganin jana'izar biyu, suna kuma gwadawa. Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya koyar cewa shagalin jana'iza ta'aziyya ce ga masu rai, ba taimako ba ne ga mamaci. In haka ne, jana'izar da ta bar masu rai cikin yunwa ta kasa ko da wannan ɗan aikin nata.

Ba sai an jira babban taron ɗarika kafin a gyara yawancin wannan ba. Majalisar dattawan majami'a ɗaya tana iya yanke cewa hidimar jana'iza iri ɗaya ce ga kowane mai bi, da fasto ɗaya, da tsari ɗaya, ta rubuta ta karanta a sujada tun ba a yi mutuwa ba, domin kada a ce da wani ake. Tana iya ajiye makara da fartanya da diga da farin yadi a majami'a, ta sa Zumuntar Matasa su zama masu haƙa da ɗauka, kamar samarin Ayyukan Manzanni. Tana iya cewa ƙungiyar da za ta zo makoki ta zo da abincinta, yadda ake zuwa da hatsi a dā, a kuma miƙa gudummawa a hannun gwauruwa da kanta a gaban shaidu biyu, ba a hannun ƙannen miji ba. Wurin da za a fi shan wuya shi ne jana'izar manya, ta fasto da matar fasto da dattijon da ya gina majami'a, domin a nan ne mu masu hidima muke da namu anko da tamu rajista. Dokar da ta tsallake su ba za ta kama kowa ba.

Sai batun ƙasa. Majami'u da yawa a ƙauyukanmu suna binnewa a filin da wani dattijo ya ba da da baki shekaru da suka wuce, ba takarda, ba iyaka, gonaki kuma suna matsowa kowace damina. Kuɗin anko na jana'iza biyu ko uku zai isa a kira magadan mai filin, a je gaban mai unguwa da dagaci a rubuta, a dasa itatuwa a kan iyaka, a kuma keɓe gefe guda domin baƙo da ɗan gudun hijira da ya mutu a cikinmu ba shi da dangi ba shi da ƙungiya.